Kafin ku kawo mana ɗan aike, ku ba mu ƙ da ɗ da ɓ da ƴ

Wata Asabar da ta wuce aka tara mu, malaman firamare da na kwaleji, a wani ɗakin taro cikin garin Dutsi, wai za a koya mana saurin aiki da kwamfuta. Wasu sun taso tun da asuba daga Matankari, wasu daga Kore Mairuwa da Dumega, wani ma daga can Sukukutan bisa babur, ƙura har cikin kunne. Mai horarwar saurayi ne daga Yamai, mai ladabi, kuma ba na musun ya san aikinsa. Awa uku ya yi yana gwada mana wasu ƙananan manhajoji da nake kira ƴan aike: ka danna madannai biyu, ƴar taga ta buɗe a tsakiyar allo, ka rubuta baƙi biyu ko uku na sunan abin da kake so, nan take ya buɗe maka shi ba ka taɓa linzami ba. Ya auna wannan da wancan, ya faɗi wanda ya fi gudu, wanda ya fi kyan gani, wanda yake yin lissafi, wanda yake juya dala zuwa sefa.

Dab da tashi wata malama mai koyar da ajin farko a lakwal mai harsuna biyu, wadda ta haife shi a shekaru, ta ɗaga hannu. Ta ce, "Ɗana, duk na ji. To ni ƙ nake nema. Ina zan danna ta fito?" Ya yi murmushi ya ce, "Madam, ki sa k kawai, ai kowa zai gane." Ɗaki ya yi dariya, aka tashi, aka raba kuɗin mota.

Wannan amsar ce ta hana ni barci, ita ce kuma dalilin rubutun nan. Ba saurayin nake tuhuma ba, don abin da ya faɗa shi ne abin da kusan duk mai kwamfuta a ƙasar nan yake faɗa. Ra'ayin nake tuhuma. An bar jaki ana dukan taiki: ana koya wa malami yadda zai rage daƙiƙa biyar wajen buɗe Word, alhali idan Word ɗin ya buɗe ba zai iya rubuta sunan ƙasarsa daidai da harshen ɗalibansa ba.

Bari in fara ba ƴan aiken haƙƙinsu, kada a ce ƙiyayya ce irin ta wanda bai sani ba. Na gwada da yawa daga cikinsu, ga kuma abin da na gani.

Spotlight, da Alfred, da Raycast, su ne aka fi yabo ran nan. Spotlight yana zuwa ne cikin kwamfutocin Apple tun 2005. Alfred na Apple ne kawai, kuma manyan ayyukansa sai an biya da fam na Ingila. Raycast ma a kan Apple ya tashi, babban matakinsa kuwa kuɗin wata-wata ne da dalar Amurka. A ɗakin nan da muka zauna ban ga kwamfutar Apple ba sai ta mai horarwar. Kwatanta mana waɗannan kamar yi wa mai jaki bayanin bambancin tayoyin jirgin sama ne.

PowerToys Run na Microsoft kyauta ne, ana kiransa da Alt da dogon madannin tazara, yana buɗe manhaja, yana neman fayil, yana lissafi. Amma yana son Windows 10 ko 11 mai ƙarfi, kuma kayan da yake zuwa cikinsu suna da nauyin saukewa ga mai sayen intanet da ƴan ɗaruruwa. Kwamfutocin da yawancinmu muke riƙe da su tsofaffi ne, na hannu, wasu har yanzu Windows 7 ke kansu, wanda Microsoft ya daina kula da shi tun Janairun 2020. Windows 10 ɗin ma an rufe littafinsa a Oktoban 2025. Flow Launcher shi ma kyauta ne, aikinsu kusan ɗaya. Masu Linux suna da Ulauncher da Albert da KRunner, amma masu Linux a Arewa ana iya ƙirga su a zaune.

Guda ɗaya ne na ga ya biya kuɗin sabulu, wato Everything na voidtools. Ƙarami ne, ba ya son intanet, yana tafiya a tsohuwar na'ura, akwai ma irinsa da ake ɗauka a kile a buɗe ba tare da an girka ba. Aikinsa ɗaya: neman fayil da sunansa, kuma kafin ka gama rubuta sunan ya jero maka. Malamin da ya tara takardun jarrabawa na shekara goma zai gode masa. Ban da shi, mafi arhar ɗan aike yana nan cikin kwamfutarka tuntuni: danna madannin nan mai tambarin Windows, rubuta "wor", danna Entrée. Ba saukewa, ba biya. Wannan shi ne dukan darasin, kuma minti goma ya ishe shi.

Yanzu mu yi lissafin riba, tunda saurin aiki aka ce. A ce malami yana buɗe manhaja ko fayil sau ashirin a yini, wanda ma ya yi yawa ga mai aji. A ce ɗan aike yana rage masa daƙiƙa biyar kowane karo. Daƙiƙa ɗari ke nan, bai kai minti biyu ba. To ga nawa lissafin. Bara na shirya ɗan nassin karatu na shafi ɗaya ga yara sittin. Na buga shi babu lanƙwasa, aka yi mini fotokwafi a bakin tasha, na dawo gida na zauna da bik ina bin k da d da b ɗaya bayan ɗaya ina ɗora musu ƙugiya, takarda sittin, da fitilar waya saboda an ɗauke kuran. Dare biyu na yi. Duk da haka na tsallake wasu, na kuma lanƙwasa wasu da bai kamata ba saboda gyangyaɗi. Duk malamin da ke koyar da Hausa a jahar Dosso ya san wannan aikin. Wa ya fi bukatar agaji, mai asarar minti biyu ko mai asarar dare biyu?

Sai mu zo ga "kowa zai gane". Gaskiya ne, babba yana ganewa. Wanda ya shekara arba'in yana jin Hausa, in ya ga "shugaban kasa" ya san ba shugaban masu kasawa ake nufi ba. Yana cike giɓin da abin da ke kansa. Amma su wa muke koyarwa? Yaro ɗan shekara shida ko bakwai, wanda yau ne ya fara gane cewa wannan zanen da ke bisa allo yana da sauti. Dukan abin da muke ƙoƙarin dasa masa shi ne amana tsakanin ido da kunne: baƙi kaza, sauti kaza, kullum. Da safe madam ta zana masa ƙ da alli, ta sa ya maimaita, ƙafa, ƙofa, ƙasa. Da rana ta miƙa masa takardar da na'ura ta buga, a ciki an rubuta kafa, kofa, kasa. Wanne zai gaskata? Yaro ya fi girmama bugun na'ura a kan rubutun alli, don yana ganin na'ura ba ta kuskure. Sai ya yanke cewa lanƙwasar ado ce ta madam. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, mu kuma da hannunmu muke tanƙwara shi ta inda ba daidai ba.

Kuma ba ko'ina ake ganewa ba. Baki daban, baƙi daban: "baki sun yi yawa a gidan" da "baƙi sun yi yawa a gidan" ba magana ɗaya ba ce. Fada wurin sarki, faɗa kuwa da sanda. Kara na gero, ƙara ta gaban alƙali. "Ta yi bari" ba ya nufin komi, "ta yi ɓari" kuwa jaje ake zuwa. Yaya wa ne ko ya, ƴaƴa kuwa haihuwa. Mu nan Arewa da muke cewa ɗiya, in ka cire ƙugiyar ka kusa mayar da ɗiyar mutum diyya. Waɗannan sautuka huɗu ba baƙi ba ne a bakinmu, da su aka yi mana tashe tun muna goye.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne fuska biyu da muke yi. Mushen da ya ce a sa k kawai, shi ne zai zare jan bik ya rage wa yaro maki don ya rubuta "a" a wurin "à", ko "ou" a wurin "où". Ba ya cewa kowa zai gane. Yana cewa doka ce, ma'ana tana sauyawa, kuma yana da gaskiya. Babu direktan da zai yarda a aika wa ansipekta takarda da Faransanci babu alamomin bisa wasula, kunya za ta kashe shi. Allon madannan AZERTY da ke gabanmu ya ware wa é da è da ç da à da ù kowanne gurbinsa. Wannan ù ɗin kuwa kalma ɗaya tak ake rubutawa da shi a Faransancin yau da kullum, ita ce "où", amma ya samu ɗaki nasa. Ƙ da ke cikin dubban kalmominmu ko zaure ba ta samu ba. Faransawa sun ƙera allonsu don harshensu, ba su yi laifi ba. Mu ne muka karɓa muka ce harshenmu ya rage tsawo ya shiga rigar wani.

Kada kuma wani ya ce baƙaƙen nan sabon yayi ne na masu son nuna boko. Tun shekarun 1930 ake buga littattafan Hausa da su a Zariya. Taron masana da UNESCO ta kira a Bamako a 1966 ya zauna a kan yadda za a rubuta harsunan yankin nan, har da Hausa. A 1973 aka buɗe lakwal ta farko ta gwaji mai koyarwa da Hausa a Damagaram. Dokar tsarin ilimi ta 1998 ta ce harsunan koyarwa su ne Faransanci da harsunan ƙasa. A Oktoban 1999 ma'aikatar ilimi ta fitar da ƙudurin da ya tsaida ƙa'idar rubutun Hausa a Nijar, da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ a cikin jerin baƙaƙe. Wannan ƴ ɗin ma ita ce ta bambanta rubutunmu da na danginmu na Kangiwa da Argungu, su da suke sa ɗan waƙafi a gaban y. Dokar 2001 ta jera harsunan ƙasa goma. A Maris na 2025 kuma kundin sake gina ƙasa ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Kowa na da ra'ayinsa a kan wannan mataki, ba shi ne zancena yau ba. Zancena shi ne: an ɗora wa harshe rawani a takarda, amma kwamfutar ofishin da za ta buga takardar ba ta san baƙaƙensa ba, kuma mai horar da malamai yana cewa ba komi.

Na san amsa ta gaba: ai na'ura ce ba ta iya ba. Da can wannan uzuri ne na gaske. A shekarun 1990 sai da Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano ya ƙera salon baƙaƙe na musamman don a samu lanƙwasa a kwamfuta, kuma masu buga littafi sun amfana ƙwarai. Matsalar irin wannan dabara ita ce in ka kai fayil ɗinka na'urar da ba ta da salon, sai baƙaƙen su rikiɗe su zama wasu alamomi. Yau an wuce nan. Akwai tsarin duniya da ake kira Unicode wanda ya ba kowane baƙi lambarsa ta dindindin: ƙ tana da 0199, ɗ tana da 0257, ɓ tana da 0253, ƴ tana da 01B4. Duk kwamfuta da wayar zamani sun san lambobin nan. Wanda yake shakka ya buɗe Word yanzu, ya rubuta 0199, ya danna Alt da X tare. Ƙ za ta fito. Tana ciki tun ranar da ka sayi na'urar, ba a dai nuna maka ƙofar ba.

Ba wanda zai rubuta shafi guda da lambobi, musamman a AZERTY inda kowace lamba sai ka riƙe madannin manyan baƙaƙe. Don haka ga hanyoyin da ya kamata a ce su aka kwatanta mana ran Asabar, kuma zan kwatanta su yadda aka kwatanta ƴan aike.

Ta farko, cikin Word kanta. Ka shiga wurin saka alamomi, ka nemo ƙ, ka ɗaura mata gajeriyar hanya, misali Alt da K. Haka ɗ da ɓ da ƴ, da manyansu, takwas ke nan. Aikin minti goma ne, sau ɗaya, ba intanet, kuma allonka na AZERTY bai motsa ba. Rauninta shi ne iyakarta Word. In ka fita zuwa sunan fayil ko saƙon intanet, babu ita.

Ta biyu, Windows yana da tsarin madannai na Hausa a cikin jerin harsunansa. In ka ƙara shi, sai ka riƙe Alt na dama ka danna k ko d ko b ko y, lanƙwasa ta fito, a kowace manhaja. Ana sauyawa tsakaninsa da Faransanci da Alt da madannin manyan baƙaƙe. Ga wanda kwamfutarsa ta shigo ta Najeriya da allon QWERTY, wannan ya gama magana. Ga mai AZERTY kuwa akwai tarko: tsarin a kan QWERTY aka gina shi, don haka in ka danna inda aka zana a sai q ta fito, z ta koma w, m ta ƙaura. Malamai da yawa sun gwada, suka ga haka, suka ce abin ya lalace, suka bari. Bai lalace ba, don maƙwabta aka ɗinka shi.

Ta uku, Keyman na ƙungiyar SIL. Kyauta ne, an yi shi musamman don harsunan da masu ƙera allo suka manta da su, yana aiki a Windows da Apple da Linux da waya, kuma yana da tsare-tsaren madannai na harsunan Afirka. Sai an sauke shi sau ɗaya, amma mutum ɗaya zai iya saukewa ya zagaya da shi a kile. Ita SIL ɗin ce kuma ta yi salon baƙaƙen Andika, wanda aka zana don masu koyon karatu, baƙaƙensa a fili kamar rubutun allo, lanƙwasarsa a bayyane. Duk mai buga nassin ajin farko ya kamata ya san sunan nan fiye da sunan Raycast.

Ta huɗu ita ce wadda ta fi dacewa da mu. Microsoft yana da wata manhaja kyauta ta ƙera tsarin madannai. Wanda ya iya zai ɗauki AZERTY yadda yake, ya ƙara baƙaƙe takwas a ƙarƙashin Alt na dama, ya fitar da ɗan fayil da za a girka a kowace kwamfuta. Malami ya rubuta Faransanci da Hausa a allo ɗaya ba tare da sauya komi ba. Wannan aikin yini ɗaya ne ga saurayi irin mai horar da mu. Da shi ya kawo mana a kile, da har yau ana sa masa albarka daga Dogon Kirya zuwa Tibiri.

Wani abokin aikina ya ce mini, "Malam, kana ta faɗa a kan ƙugiya, alhali yara na karatu a rumfar zana, wasu lakwal an rufe su saboda rashin tsaro, albashi na makara, kuran na zuwa yana tafiya." Duk gaskiya ne, kuma ban manta yadda muka sha duhu ba lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba mu a Agustan 2023. Amma wannan hujja ta fi kaifi a kan ƴan aike. In muna cikin wannan hali, da wane dalili za a kashe kuɗin taro da man babur na malamai a kan manhajar da ke rage daƙiƙa biyar? Gina aji yana son miliyoyi, tsaro yana hannun hukuma. Ƙ kuwa ba ta son ko dala. Cikin dukan matsalolin lakwal ɗinmu, ita ce wadda za mu iya kashewa da kanmu kafin hutun ƙarshen shekara. Barin mai sauƙi don akwai mai wuya lalaci ne aka yi wa rawani.

Wani kuma ya ce Hausar takarda Kananci ce, ba tamu ba, don haka bai damu da ƙa'idarta ba. Wannan muhawara ce mai kyau, ina kuma cikin masu son a ji Arewanci a littattafan yaranmu, a rubuta Lugu da Bagaji da Dallol Mawri yadda tsofaffinmu suke faɗinsu. Amma ko da Arewanci tsantsa za ka rubuta, ƙ da ɗ da ɓ suna nan daram. Ba na Kano ba ne. Wanda ya yar da su bai kare Arewanci ba, ya dai buɗe wa rubutun Faransa ƙofa, irin wanda ƴaƴanmu ke aiko mana a waya: "sannou", "ina kouana", "na tchi touwo". Yaron da ke rubuta haka ya san Hausa sarai, amma ba zai iya karanta littafin Hausa da sauri ba, ba zai iya neman komi da Hausa a intanet ya samu ba, kuma ɗan uwansa na Birnin Kabi zai yi ta kallon saƙon kamar rubutun aljanu.

Nan ma ƴan aiken da ake yabo suna da iyaka da ba a faɗa mana ba. Ɗan aike sunan da ka ba shi yake nema. A kwamfutar wata lakwal da na taɓa aiki, jerin sunayen ɗalibai guda yana ajiye da suna huɗu: wani direkta ya rubuta Doutchi, wani Dogondoutchi, wani Dutsi, wani Dogon Dutse. Na shekaru daban-daban, a jakunkuna daban-daban. Ka sa Everything ko wane ne, in ka rubuta Dutsi ba zai kawo maka Doutchi ba. Haka in rabin takardunka "ƙirga" ne rabi "kirga", a wurin na'ura k lamba ce daban, ƙ lamba ce daban. Sauri ya haifi nawa. Kafin a sayo mai gudu, a zauna a yarda da yadda za a riƙa sa suna: shekara, aji, darasi, da rubutu iri ɗaya. Lakwal da ta yi haka, ko madannin Windows kaɗai ya ishe ta.

Iyaye, ku ma da naku. Yawancinku ba ku da kwamfuta, amma kusan kowane gida akwai waya, kuma a kanta yaro ke ganin rubutun Hausa fiye da a littafi. In wayar Android ce mai Gboard, ku shiga wurin harsuna ku ƙara Hausa, ko ku ba yaron ya ƙara muku. Daga nan in an danne k aka riƙe, ƙ za ta leƙo, haka ɗ da ɓ. Ba a biyan komi. Sannan in yaro ya kawo takardar Hausa daga lakwal, ku duba. In kun ga "karamar hukuma" da "dan makaranta" tsirara babu lanƙwasa, ku tambaya a taron iyaye, cikin ladabi, kamar yadda za ku tambaya in kun ga an koya masa biyu da biyu biyar. Malami ba zai ji haushi ba in ya san ana kallo. Da yawanmu ma jira muke a tambaya don mu samu abin kai wa na sama.

Ga abin da nake nema, kuma ba shi da yawa. Masu shirya horon malamai a Dutsi da Tibiri su sa rubuta baƙaƙen nan a darasin farko na kwamfuta, kafin komi, kuma kada a sallami malami sai ya buga jimla mai ɗauke da huɗun duka a gaban mai horarwa. A tarukanmu na ƙara wa juna sani, kowane rukuni ya samu kile guda mai Keyman da Andika da Everything, ya zagaya. Masu shagon buga takardu da fotokwafi na bakin hanya su girka tsarin Hausa a na'urorinsu, mu kuma mu kai aikinmu wurin wanda ya girka. Ma'aikatar ilimi, wadda ita ta sa hannu a ƙa'idar 1999, ta sa a ƙera tsarin AZERTY guda na harsunan ƙasa, ta raba shi kyauta, don Fulatanci ma yana da ɓ da ɗ da ƴ, Zabarmanci da Barbarci da Buzanci kowanne da nasa baƙaƙen da allon Faransa bai sani ba. Duk mai ba lakwal kyautar kwamfuta kuma a tambaye shi tun a bakin ƙofa: tana rubuta harshen yaran?

Bayan an yi wannan, duk mai son ɗan aike ya girka abinsa, ba ni da ja. Ni ma Everything yana kan tawa.

Malamar nan kuwa na same ta a bakin ƙofa ranar, tana ɗaura jakarta a babur. Na karɓi kwamfutarta, muka tsuguna a inuwar bedi, muka ɗaura gajerun hanyoyi takwas a Word. Ba mu kai minti goma sha biyar ba. Ta gwada, ta rubuta "ƙanƙara", ta goge, ta sake rubutawa, ta ce, "Malam, ashe shekara shida ina wahalar banza." Na ce, "Hajiya, ba ke kaɗai ba." Akwai irinta a kowace lakwal daga Ɗan Kasari har iyakar Gaya, kuma Asabar mai zuwa ma akwai taro.